Ruwan da Ke Aljihun Yaya Sanda

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Yaya Sanda hannu a cikinku ya san babban yatsansa na dama. Kai, wannan yatsa! Ba ya jin ƙaya, ba ya jin garwashi, amma a ɗora shi bisa haƙoran zarto, ido rufe zai gaya maka ko na katako ne ko na ƙarfe, har ya gaya maka ko wani marar tsoron Allah ya taɓa shi a bayan idonsa. Komai ya samu sai ya shafa. Wuƙar mahauci, matajin kai, bakin gwangwanin madara. Na taɓa kama shi a wurin ɗaurin aure yana shafa zif ɗin jakar wani baƙo, ana fatiha shi yana girgiza kai, wai haƙoran sun yi tazara.

Ni dai Garba ne, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, mai a-kori-kurar nan da ke jigila tsakanin Gusau da Tsafe da Bungudu. In na yi masa tsiya, haƙƙina ne, na sha tasa tun ina tatata.

Kun san rumfarsa a Damba, ƙarƙashin dogon yaro. Da ƙofofi da benci ya fara, daga baya masunta da masu fito suka gane hannunsa, ya koma sai jirgin ruwa. Abin alfaharinsa shi ne ɗan injin zarton nan na hannu mai aiki da wuta, wanda ake maƙala wa siririn ƙarfe mai haƙora yana hawa yana sauka kamar allurar keken ɗinki. Wannan siririn ƙarfe, kowa a garin nan biledi yake ce masa. Ban da Yaya. Shi ruwa yake cewa.

“Kakanninmu ruwan wuƙa sunka ce, ruwan gatari sunka ce,” in ji shi. “Ku mi ya sami bakinku?”

A tsohuwar safa yake naɗe su, ya cusa a aljihun gaba, ko masallaci da su yake zuwa. Kowanne kuma da sunansa, kamar awakin gida. Mai manyan haƙora da ke tsaga katako mai kauri, shi ne Kada. Sauran za ku ji su a gaba.

Labarin da nake so in tuna muku na jirgin Luba ne. Luba ɗiyarsa ce ta fari, tana aure a wani ƙauye ƙetaren gulbi, gaba da Bungudu. Da rani gulbin nan yashi ne, ko akuya ta ƙetare. Da damina kuwa sai da jirgi, jirgin garin kuma ya ruɓe tun damina ta wuce. Hanyar zagaye ta cikin daji, kun san yadda ta koma, ba sai na faɗa ba. To, Luba na da ciki. Haihuwarta ta farko da ƙyar aka sha, ma'aikaciyar asibiti ta ce wannan karon kada a kuskura a yi a gida. Watan haihuwa kuma ya faɗa tsakiyar damina. In babu jirgi kafin gulbi ya cika, Luba ta tsaya can ƙetare, sai abin da Allah ya yi.

Da aka kawo wannan magana, Yaya ya ci gaba da aikinsa kamar bai ji ba. Kun san kunyar ɗan fari, ko sunanta ba ya kamawa. Washegari sai ga katakon maɗaci an jibge a bakin rumfa.

Na ce, “Yaya, jirgin wa za a yi?”

Ya ce, “Na mutanen ƙetare.”

“Waɗanne daga ciki?”

“Ina ruwanka? Ɗaga can.”

Ana cikin aiki sai Mamman, mijin Luba, ya zo daga ƙauye wai zai taya ɗaukar katako. Manomi ne, mutumin kirki, kunya kamar ta kashe shi. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin titi, ya durƙusa can nesa. Shi kuma Yaya ba ya kallon suruki, ba ya yi masa magana kai tsaye. Duk abin da zai ce sai ya bi ta kaina, alhali ga mutumin nan zaune, kunnensa garau.

Ranar Yaya ya ajiye safarsa bisa benci kusa da Mamman, shi yana can sunkuye yana jan layi a jikin katako. Sai ya ce, “Garba, a ce wa baƙo shi miƙo ruwa.”

Kafin in buɗe baki Mamman ya zabura. Sai randa. Ya ciko kwanon sha fal, ya zo ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu. Yaya ya dubi kwano, ya saci kallon safa. Ya za a yi ya kunyata suruki a gaban mutane? Ya yi bismilla, ya shanye tas, ya ce, “Madalla.”

Ni kuwa na gane inda aka dosa sarai. Amma don Allah, wa zai katse irin wannan kallo? Na gyara zama.

Can an jima ya yi gyaran murya. “A ce wa baƙo, babba nike so.”

Kada yake nufi. Mamman ya ruga cikin gida ya aro ƙwaryar fura, ya ciko ta har tana zuba. Yaya ya rufe ido, ya kafa kai. Ina jin ruwan na sauka ƙwat, ƙwat, ƙwat. Da ya sauke ƙwaryar, gumi ya keto masa, ya ce da ƙaramar murya, “Allah shi yi albarka.” Sannan ya juyo wajena, ido ja, ya ce, “Mai haƙora, Garba! Ruwa mai haƙora!”

Mamman ya matso kusa da ni ya raɗa, “Baba Garba, mai kama haƙori yake nufi ko?” Bai jira amsa ba ya fita da gudu. Sai ga shi da ruwan leda mai ƙanƙara, har hayaƙin sanyi yake. Wallahi Yaya ya sha. Yana sha haƙoransa na kaɗawa. Da ya gama ya jingina da katako, ciki ya yi tulu, ya ce, “Garba, don girman Allah tashi ka hwaɗa mishi. Jirgi bai shiga gulbi ba, gulbi ya shiga mai jirgi.”

Mamman bai sake yarda sun haɗa ido da kowa a Damba ba sai da aka yi sati.

Aiki ya ci gaba, amma a tafiyar Yaya. Ya ce bakin gulbin Bungudu duwatsu ne, dole a lulluɓe goshin jirgi da kwanon alminiyam. Yankan kwano kuwa aikin Amarya ne, wato mai ƙananan haƙora reras, wadda ke ci kaɗan-kaɗan cikin kunya. Ana tsakar yanka sai ƙas, Amarya ta karye. Ya yi salati kamar an aiko da rasuwa. Ya zagaye masu kayan gini na Gusau kaf, wannan ya shafa ya ce jabu ne, wancan ya ce ta yi laushi. Daga ƙarshe wani ya ce akwai mai shago a kasuwar Tsafe da ke da irinta. Ni ina da lodin masara ranar, ya hau gaban mota ya naɗe ƙafa, ya ce masara ba ta gudu.

Mai shagon wani ƙaton mutum ne mai fara'a, da giɓi a gaba wanda ɗan yatsa zai wuce. Ya zube mana kaya bisa tebur. Yaya ya shiga shafawa ɗaya bayan ɗaya, yana turewa. Mutumin ya gaji ya ce, “Haba Baba, ai duk ɗaya ne. Ƙarfe ne, yanka yake yi.”

Yaya ya ɗago. “Duk ɗaya? Buɗe bakinka.”

“Na'am?”

“Buɗe, ba ciwo za ni ji maka ba.”

Bawan Allah ya buɗe, mutane suka fara taruwa. Yaya ya leƙa ya ce, “Yauwa. Kai da giɓin ga, a ba ka tsire ka ci lahiya lau. A ba ka zare ka datse hwa? Shi shige giɓin shi maƙale. To haka Kada ka yi wa kwano. Haƙori ya yi tazara, kwano shi hwaɗa tsakani, shi cafke, shi yage, in ba ka yi sa'a ba shi tahi da yatsanka. Abu in ya yi siriri, ƙananan haƙora shike so.”

Mutumin ya rufe baki da tafin hannu, ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya jawo wani kwali da bai nuna mana ba da farko. Yaya ya shafa, fuskarsa ta washe. Ya zari ɗaya. Ɗaya tak! Na ce, “Yaya, mun baro Gusau, na bar lodi, ka ɗauki ko biyu mana, in wannan ta karye fa?”

Ya ce, “Wa ka taɓa gani ya ɗauko amarya biyu rana guda?”

Wadda ta karye ma bai yar ba. Ya wasa guntun a dutse, ya naɗa masa tsumma, ya mai da shi wuƙar yanka goro. Da yawanku kun ci goron da aka yanka da ita ba ku sani ba.

Sai maganar shimfiɗar cikin jirgi. Ya ce ba zai sa katako a ƙasa ba, wanda zai kwanta zai ji tsinke-tsinke. Bai faɗi wa zai kwanta ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ya samo fasasshen tankin ruwa na faiba, mai santsi, ba ya ruɓa. Ita faiba ba ta son haƙori ko kaɗan, tsattsagewa take yi, ta kuma dakushe ruwa nan take. Akwai wani ruwa na musamman da ake yanka ta da shi, ba haƙori ko ɗaya, sai kaushi a baki kamar an barbaɗa yashi. A gaban mutane Tsohuwa yake kiran wannan. A tsakaninmu kuwa da wani sunan.

Ranar da za a yanka, ashe babbar yayarmu, Inna Yalwa, ta taho daga Magami, ta shigo rumfa ta bayansa da ƙullin dawo a hannu. Kun san Inna Yalwa, bakin nan ba haƙori, ba ko turmi. Yaya ya naɗe hanci da rawani saboda ƙurar faiba mai ƙaiƙayi, bai gan ta ba, ya ɗaga murya, “Garba, ɗauko mini Yalwa, mu ga ko dasashin na nan.”

“Wa ka kira, Sanda?”

Na ce yau ake yin ta. Yaya ya juyo a hankali, ya sauke rawani. Mutumin da ya sa ƙato ya buɗe baki a tsakiyar kasuwa, sai ga shi yana sosa ƙeya.

“Au, Inna, sannu da hanya. Ai yabo ne.”

“Yabon mi?”

“Ba ta da haƙori, amma ba abin da ka gagara tata. Ai na ga abin da kinka yi wa ƙashin rago da Sallah.”

Ta ɗirka masa mafici a ka, fau! Sannan ta ja kujera ta zauna, ta ce a kunna ta ga takwararta. Aka kunna. Ruwan ya bi layi sumul, ba tsaga ba ɓantara. Inna Yalwa ta kalla har aka gama, ta gyaɗa kai, ta ce, “To, ba ta ba ni kunya ba. Ko ba komi ta hi ka sauri.”

Muka yi dariya, amma gaskiya ta faɗa. An riga an yi shuka, gero ya kai gwiwa. Duk yamma gabas sai ta yi baƙi. Na je Bungudu da kaya na ga gulbi ya fara kawo ruwa ja, yashin nan duk ya ɓace. Na dawo hankalina a tashe, na tarar da Yaya yana yanka haƙarƙarin jirgi, wato lanƙwasassun katakan da ke riƙe jikinsa ta ciki. Da Maciji yake yi, wani siririn ruwa da ke iya bin kwana. Shi kuma Maciji ba a tura shi, lallaɓa shi ake. Ga wuta yau akwai gobe babu, sai janareton aro mai tari. Yaya na tafe kamar mai aske jariri.

Raina ya ɓaci, kun san ni ba na ɓoyewa. Na ce, “Yaya, wai kai kana ganin sama kuwa? Gulbi ya kawo! Sa Kada ka tsage su gaba ɗaya, a buga ƙusa, a zuba kwalta, a wuce wurin. Ado za a yi da jirgin ko fito? In yarinyar nan ta fara naƙuda gobe, da Macijin naka za ta ƙetare?”

Ya kashe inji. Na zaci zagi zan sha. Sai ya cire Maciji, ya sa Kada, ya ɗauki wani guntun katako ya tilasta masa bin kwana da sauri, yadda nake so. Ya ɗora guntun a jikin bangon jirgi, ya ce in sunkuya in duba ta wajen rana. Na duba. Haske na ratsowa ta tsakani, saboda ruwan ya karkace a cikin katako, yankan ya fita a jirge. Ya ɗora wanda Maciji ya yanka. Ya zauna ɗaram, ko gashi ba zai shiga ba.

Ya ce, “Wanda bai zamna daidai ba, motsi shike yi. In ya motsa, ƙusa ta saki, bango shi buɗe. Kwalta na rufe ƙarya wata guda, wata biyu, ranar da gulbi ya yi hushi ta tona ka.” Ya kakkaɓe garin katako daga hannun riga. “Ɗiyata za ta kwanta cikin jirgin ga, Garba. Ba ni son ko ɗigo shi taɓa ta.”

Tunda aka haifi Luba ban taɓa jin ya ce ɗiyata ba sai ranar. Tausayinsa ya kama ni. Na tuɓe riga na riƙe masa katako, ban sake ɗaukar lodi ba sai da aka gama.

Aka loda jirgi a motata, rabi a ciki rabi a waje, muka nufi Bungudu a hankali, masu babur na ta yi mana ihu. Gulbi ya cika ya batse, yana tafe da kututture da kara. Mutanen ƙetare sun yi cincirindo a can gaɓar suna ɗaga hannu. Aka tura jirgi ruwa, ya zauna ɗas. Babban masu fito ya ce, “To, bisa al'ada, mai jirgi shi ka hwara shiga.”

Aka waiga, Yaya ya ja da baya har ya kusa hawa tudu.

Jama'a, ashe mutumin nan da ya cika gulbi da jirage bai taɓa sa ƙafa a cikin ko ɗaya ba! Ni ƙanensa sai ranar na sani. Na ce, “Yaya, tsoro kake ji?”

“Wa? Ni? Ruwan da ni sani shina nan aljihuna. Wanga ba ruwana da shi.” Ya nuna ni da haɓa. “Garba shi shiga. In an yi asara, surutu ya ragu.”

Amma kafin a tura, ya matso da ƙyar, ya cire hularsa sabuwa, ya miƙa aka ajiye ta a ƙasan jirgi, inda ya fi zurfi. Ya ce, “In ta dawo da danshi, ku hwasa jirgin ku yi girki.” Muka je, muka dawo, ni da mai fito da buhunan taki. Ya karɓi hula ya jujjuya ta, ya shinshina, ya kifa a ka. Sai ya tambaya ko akwai mai ƙosai a kusa.

Ba a yi sati biyu ba Luba ta fara ciwo da hantsi. Aka kwantar da ita bisa shimfiɗar faiba, Mamman da mai fito suka tuƙo. Kafin azahar tana asibiti, kafin la'asar ta sauka lafiya, mace. Da na kai wa Yaya albishir ya ce, “Madalla,” ya ci gaba da ɗiga wa injinsa mai. Amma ranar duk wanda ya bi ta layin rumfar nan sai da ya ci goro, har waɗanda ba sa ga-maciji da shi.

Damina ta zagayo, Yaya ya kwanta. Ba wani dogon ciwo ba, jiki ne dai ya ce ya gaji. Ranar da muka ga abin ya yi nauyi, an kwana ana ruwa, gulbi ya fi na bara hauka. Na kira Mamman a waya, amma a raina na ce da wuya su iya ƙetarowa. Tun safe Yaya bai yi magana ba, bai buɗe ido ba.

Wajen azahar sai ga sallama. Luba ce, da goyo a baya, tana haki. Ta durƙusa a bakin tabarma ta ce, “Baba, sannu. Ni ce.”

Ya buɗe ido. Bai dubi fuskarta ba, ƙafafunta ya duba, da bakin zanenta. Leɓensa ya motsa, muka matsa kusa mu ji wasiyya.

“Ya yi yoyo?”

Luba ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta ce, “Ko ɗigo, Baba.”

Ya ce, “To.”

Ya lumshe ido, fuskarsa a sake, hannunsa cikin nata. Kafin a kira la'asar ya yi shahada ya cika.

Allah ya jiƙan Yaya Sanda, ya yafe masa kurakuransa. Ya Allah, bawanka ne mai tsoron gulbi, ya ƙetarar da bayinka da yawa lafiya. Ka ƙetarar da shi siraɗi cikin sauƙi, ka sauke shi a gaɓar rahama. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.